Baki Shi Ke Yanka Wuya: Nazarin Fim ɗin 10 Rillington Place da Sha'anin Iƙirari

1. Gabatarwa

Ran 9 ga Maris, 1950, aka rataye wani direban motar kaya mai suna Timothy Evans a kurkukun Pentonville a birnin Landan, bisa laifin kashe 'yarsa jaririya. Shekarunsa 25. Bayan shekara 3 aka tarar da gawawwakin mata 6 a gidan da ya yi haya, waɗansu cikin wani lungu na ɗakin girki, ɗaya ƙarƙashin daɓe, biyu binne a tsakar gida. Wanda ya kashe su, John Christie, maƙwabcinsa ne na ƙasan bene, kuma shi ne babban mashaidin da ya tsaya a kansa ranar shari'a.

A kan wannan al'amari aka shirya fim ɗin da a ke kira 10 Rillington Place, watau lambar gidan da sunan titin. Richard Fleischer ya ba da umarninsa, ya fito a 1971, an kuwa gina shi bisa littafin da Ludovic Kennedy ya wallafa a 1961. An daɗe ana yabonsa a kan yadda ya nuna munin hukuncin kisa idan ya faɗa kan marar laifi. Wannan takarda za ta dube shi ta wata fuska da ta fi kusa da aikin malamin harshe. Hausawa kan ce baki shi ke yanka wuya, suna nufin bakin mai wuyan. Tambayar da fim ɗin ya tayar, bai kuwa ƙarasa amsa ta ba, ita ce: bakin wa ya yi maganar da ke cikin takardar da ta yanka wuyan Evans?

2. Labarin a Taƙaice

Fim ɗin ya buɗe da Christie a 1944, zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ya yaudari wata mata da cewa zai yi mata maganin ciwon ƙirji, ya shaƙa mata iskar gas, ya shaƙe ta, ya binne. Daga nan sai labari ya tsallaka zuwa 1949. Evans da matarsa Beryl da 'yarsu Geraldine suna zaune a ɗakunan sama, cikin talauci da yawan faɗa. Beryl ta sami wani cikin, ba ta kuwa ga yadda za su iya da shi ba. Christie ya ce ya san aikin likita, zai zubar mata. Ranar da mijin ya tafi aiki ya kashe ta. Da Evans ya komo, sai ya gaya masa aikin ne ya ƙi, kuma tun da ya ke zubar da ciki laifi ne a dokar Ingila ta lokacin, su biyun duka za su sha ɗauri in magana ta fita. Ya ba shi shawara ya bar gari, ya ce akwai waɗansu ma'aurata da za su riƙe yarinyar. Ita ma ya kashe ta.

Evans ya tafi wurin danginsa a ƙasar Wales. Ran 30 ga Nuwamba, 1949, abin ya ci masa rai, ya kai kansa ofishin 'yan sanda na Merthyr Tydfil, ya ce ya jefa gawar matarsa a ramin kwata. Aka duba ba a sami kome ba, murfin ramin ma sai da ƙarti 3 suka haɗu kafin ya ɗagu. Ya sāke bayani, ya ambaci Christie. Da aka sami gawa 2 a ɗakin wanki na bayan gidan, aka kawo shi Landan, ofishin 'yan sanda na Notting Hill, inda a daren 2 ga Disamba aka rubuta waɗansu bayanai 2 da ke cewa shi ya kashe su duka. Daga baya ya janye, ya tsaya kan cewa Christie ne. A watan Janairu, 1950, aka yi shari'a a kotun Old Bailey. Mutum 12 da ke taya alƙali tantance laifi ba su kai sa'a guda suna shawara ba suka ce ya aikata.

Shi Christie an kama shi ran 31 ga Maris, 1953, aka rataye shi ran 15 ga Yuli na wannan shekara, a kurkukun nan dai, a hannun haunin nan dai, Albert Pierrepoint. A 1965 majalisar Ingila ta dakatar da hukuncin kisa a kan laifin kisan kai, ta tabbatar da sokewar a 1969. A 1966 aka yi wa Evans afuwa, yana da shekara 16 a kabari.

3. Inda Fim ɗin Ya Ƙware

Abin da ya fi kome ƙarfi a fim ɗin shi ne yadda aka auna maganar mutanen biyu. Richard Attenborough, wanda ya fito a Christie, ba ya ɗaga murya ko kaɗan. Yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, yana ba da shayi, yana cusa kalmomin asibiti da na doka cikin hira. Christie na gaskiya ya yi aikin ɗan sanda na wucin gadi lokacin yaƙi, ya san yadda hukuma ke magana, ya kuma san irin muryar da ta ke saurara. John Hurt kuwa, wanda ya fito a Evans, ya nuna mutum mai saurin fushi da cika baki, wanda kan ƙirƙiri labarin arzikin da ba shi da shi don kada a raina shi, wanda kuma karatunsa bai wuce rubuta sunansa ba. Idan ya faɗi gaskiya sai ta fito masa a birkice. Ƙaryar Christie kuwa a shirye ta ke zuwa, daki-daki.

Saboda haka kafin a kai ga kotu ɗan kallo ya rigaya ya ga yadda shari'ar za ta ƙare. Lauyan Evans ya fito da laifuffukan da aka taɓa ɗaure Christie a kansu, har da na dukan wata mata, amma natsuwar muryarsa da tarihin aikinsa na soja da na ɗan sanda suka rufe wannan duka. Evans kuwa ya rigaya ya yi ƙarya sau ɗaya a Merthyr Tydfil, mai gabatar da ƙara bai bukaci fiye da haka ba. Fim ɗin bai nuna alƙali mugu ko ɗan sanda azzalumi ba. Kowa ya yi aikinsa bisa yadda ya saba, aka kuwa kashe marar laifi. Wannan ya fi tsoratarwa bisa ga labarin da za a ɗora wa mugu guda laifi a huta.

Masu nazarin adabin Hausa za su tuna da Makau a littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Fadawa 'yan'uwansa sun yi masa ƙazafin ɓoye bayi, sarki ya gaskata su ya kore shi. Amma kora tana barin ƙofa a buɗe: Makau ya rayu, ya sami mazauni a wani gari, labari ya ci gaba da shi. Fleischer ya nuna abin da ke faruwa sa'ad da babu wannan ƙofa. Fitowar ratayewar ba ta kai minti guda ba. Ana buɗe ƙofar ɗaki, a ɗaure hannu, a ratsa zuwa ɗaki na gaba, a rufe fuska, shi ke nan. Babu kiɗa, babu jawabin ban-kwana. Pierrepoint da kansa ya ba masu shirin shawara a kan yadda a ke yin abin. Ɗan kallo bai gama shirya zuciyarsa ba an gama, kuma wannan saurin ya isa hujja, fim ɗin bai ƙara masa wa'azi ba.

Har wa yau an ɗauki waɗansu sassa a titin da abin ya faru, kafin a rushe gidajen. Matsatsin matakala da duhun ɗakuna da dattin bango suna nuna dalilin da ya sa Beryl ta yarda da Christie: ba ta da kuɗin zuwa wurin wani.

4. Inda Ya Gaza

Gazawa ta farko ta fito ne daga abin da ya ba fim ɗin ƙarfi. Tun daga fitowar farko an nuna wa ɗan kallo mai kisan. Yana zaune kamar wanda aka yaye wa gaibu, yana mamakin yadda alƙali da mataimakansa suka kasa ganin abin da ke fili. Su kuwa ba su ga abin da ya gani ba. Abin da ke gabansu takarda ce mai ɗauke da sa hannun Evans, tana cewa ya kashe. Fim ɗin ya koya wa ɗan kallo tausayi, amma bai koya masa shakka ba, alhali shakka ce abin da aka rasa a Old Bailey. Mutum na iya fitowa daga kallon yana ganin da shi ne da bai yi wannan kuskure ba, wannan kuwa ruɗin kai ne.

Ta biyu, matan da aka kashe, ban da Beryl da Ethel matar Christie, sun wuce kamar inuwa. Hoto ya fi daɗewa a kan fuskar mai kisan, har ya kusa zama shi ne gwarzon wasan.

Ta uku ita ce babba. Daren Notting Hill, inda aka haifi takardar da ta kashe Evans, fim ɗin bai daɗe a kansa ba. An nuna masa tufafin matarsa da na 'yarsa, ya gane yarinyar ma ta mutu, jikinsa ya mutu, ya amsa. Yadda amsar mutumin da ya ruɗe ta rikiɗa ta zama shafuffuka na shiryayyen labari, wanda shi mai labarin ba ya iya karantawa, wannan an bar shi a duhu. Alhali kafin a yi fim ɗin an rigaya an haska wurin. Kennedy ya lura da cewa akwai kalmomi a bayanan da ba su yi kama da na marar karatu ba. A 1968 wani masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Jan Svartvik, ya wallafa nazarin bayanan nan 4. Ya rarraba su, ya ƙidaya hanyoyin da aka bi wajen haɗa ganga da ganga cikin jimla. Ya tarar sassan da suka ɗora wa Evans kisa sun saɓa wa sauran a ƙirar jimlolinsu. Svartvik ya yi taka-tsantsan, domin rubutun da ya auna kaɗan ne, nazarinsa kuwa bai nuna wanda ya yi kisa ba. Abin da ya nuna shi ne akwai dalilin zaton murya fiye da ɗaya a takardar da aka ce ta mutum ɗaya ce. Daga wannan aiki ne reshen nazarin harshe don shari'a ya sami sunansa. Da mai rubuta wasan, Clive Exton, ya zaunar da ɗan kallo a ɗakin nan ya ji tambaya tana komawa amsa a bakin alƙalami, da fim ɗin ya kai inda ya nufa.

5. Iƙirari a Ƙasar Hausa

Evans da 'yan sandan da suka rubuta bayaninsa harshensu ɗaya, duk da haka aka sami wannan rata. To, ina ga manomin Shagari ko na Bodinga da aka kai Sakkwato bisa tuhumar kisa? Shi Sakkwatanci ya ke yi, yana cewa munka da sunka da anka. Mai yi masa tambaya watakila Hausar kasuwa ya koya a wurin aiki. Takardar kuwa sau da yawa da Turanci a ke rubuta ta. Magana ta tsallake rafi 3 kafin ta isa gaban alƙali: daga wani kari zuwa wani, daga Hausa zuwa Turanci, daga baki zuwa rubutu. A ƙarshe a karanta masa, ya dangwala yatsa.

Kada a zaci rubutawa da Hausa ya kawar da matsalar duka. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Jimlar "ya kashe shi" a baki jimloli 4 ce. Idan aka ja wasalin "ya" da sauti na sama, aikin ya auku. Idan aka gajarta shi da sauti na sama, ana cikin jerin labari ne ko ana ƙarfafa wanda ya yi. Idan aka gajarta da sauti na ƙasa, umarni ne ko fata. Idan aka ja shi da sauti mai faɗuwa, abin bai auku ba tukuna, ana tsammani ne ko gargaɗi. Haka "na kashe shi" tana iya zama iƙirarin abin da aka yi, tana kuma iya zama barazanar mai fushi a bakin kasuwa. Mahallin magana kan warware wannan yawancin lokaci, amma mahallin shi ne abin da akawu kan taƙaita don kada takarda ta yi tsawo.

Sa'an nan akwai ladabi. Talaka a gaban mai hukunci, in an karanta masa takarda aka ce ya ji, zai ce "na ji", ko ya ce "to". Kowane Bahaushe ya san "to" tana iya zama yarda, tana iya zama haƙuri, tana iya zama rasa ta cewa. A takarda sai a rubuta ya amince. Wanda ya ce "ta mutu a hannuna" ko "ni na jawo mata" mai yiwuwa jinya ya ke nufi ko nadama. Maganar farko da Evans ya yi wa 'yan sandan Merthyr Tydfil irin wannan ce, kalmar da ya yi amfani da ita tana ɗaukar ma'anar kawar da gawa, tana kuma ɗaukar ma'anar kashewa.

Gwajin Svartvik yana da sauƙin kwatantawa da Hausa. Mutumin ƙauye in yana ba da labari zai jera shi da "sai" da "shi ke nan", zai auna lokaci da salla, ya ce bayan isha'i ko gabanin asuba, ya auna nisa da gona ko rijiya. Idan aka ga bayaninsa ya koma "da misalin ƙarfe 8 na dare" da "wanda a ke zargi" da "marigayiyar" daidai wurin da ya amsa laifi, lalle wani alƙalami ya shiga. Malamin kwalejin horon malamai na iya gwada wannan a aji: ɗalibi guda ya ba da labari da baki, a ɗauki muryarsa, wani ya rubuta shi a matsayin akawu, sa'an nan a gwama biyun.

Malaman ƙasar nan ba su jahilci haɗarin ba. Bodinga nan ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna sa'ad da Shehu ya ke Sifawa, shi ne kuwa mai Liya'ul Hukkami, littafin da ya yi wa masu mulki da masu hukunci. Fiƙihun Malikiyya da ya karantar ya yarda wanda ya yi iƙirarin laifin haddi ya janye, ya kuma ɗauki shubuha a matsayin abin da ke tunkuɗe haddi. Sanannen labarin Ma'izu ma, wanda aka yi ta mayar masa da tambaya har aka tabbata ya san ma'anar abin da ya ke faɗi, bincike ne a kan kalma tun kafin a kai ga hukunci.

Jihar Sakkwato ta ga amfanin wannan a zahiri. A watan Oktoba, 2001, babbar kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa. Ran 25 ga Maris, 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta rushe hukuncin. Daga cikin dalilanta akwai cewa dokar ba ta fara aiki ba a lokacin da aka ce abin ya faru. Lauyoyinta kuma sun kafa hujja da janye iƙirari, da cewa ba a fayyace mata ma'anar laifin da sharuɗɗansa ba. Irin wannan hujja ta sāke fitowa a shari'ar Amina Lawal, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallama ran 25 ga Satumba, 2003. Kalmar zina kowa ya san ta a bakin gari, amma ma'anarta a fiƙihu tana da iyakoki da mai amsawa ba lalle ya sani ba. Su biyun suna da rai sa'ad da aka gyara kuskuren. Ba kowa ya sami wannan ba. A 1981, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, hukumomin Jihar Oyo suka zartar wa Nasiru Bello hukuncin kisa alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an keta doka, ta ba iyalinsa diyya. Ko yana da laifi ko ba shi da shi, kotun da za ta duba ba ta sami wanda za ta saurara ba.

Doka ta yi ƙoƙarin toshe ɓarakar. Tsarin mulki na 1999 ya ba wanda a ke tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in bai ji harshen kotu ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar iƙirari a na'urar hoto da murya, ta kuma ce tafinta ya karanta wa mai bayani abin da aka rubuta, ya sa hannu. Na'ura tana riƙe karin sauti da shiru da rawar murya, watau abubuwan da takarda ke zubarwa. Amma tafinta da magatakarda a aji a ke yin su, kuma daga hannun malamin harshe su ke fitowa.

6. Kammalawa

Fim ɗin 10 Rillington Place ya cancanci yabon da ya samu. Wasan Hurt da Attenborough, da ƙin ƙawata ratayewa, da ƙin ɗora laifi kan mugun ma'aikaci guda, sun sa ya fi yawancin finafinan laifi nauyi. Raunin da ke gare shi shi ne ya ba ɗan kallo tabbas kyauta, ya kuma wuce da sauri ta ɗakin da aka rubuta takarda. Ko afuwar 1966 ba ta wanke Evans sarai ba, domin binciken alƙali Brabin da ta biyo bayansa cewa ya yi mai yiwuwa bai kashe 'yar ba amma ya kashe uwar. Sai a 2004 babbar kotun Ingila ta yarda bai kashe ko ɗaya ba. Shekara 54 ke nan takardar dare guda tana rinjayar maganar da mai ita ya nanata har ranar mutuwarsa.

Ga sashen nazarin Hausa, aikin da wannan ya nuna a fili ya ke. Akwai bayanan shari'a masu yawa da aka rubuta da Hausa, da waɗanda aka juya daga Hausa zuwa Turanci, suna jiran mai auna su kamar yadda Svartvik ya auna na Evans. Ana bukatar a san yadda maganar bakin Basakkwace ko Bakatsine ta ke a ƙirar jimlarta, domin a iya gane inda ta tsaya da inda ta akawu ta soma. Wanda zai nuna wa ɗalibai fim ɗin, ya kyautu ya tsayar da shi daidai inda Evans ya sa hannu, ya tambaye su wa ya karanta masa takardar, da wace murya, kuma me ya ce da aka gama.